Yaya ake gane asalin takobin Dayak da ƙotarsa?

Mai_Tambaya: Assalamu alaikum. Takobi ne daga tsibirin Borneo: ruwansa santimita 55, ƙotar ƙaho mai sassaƙa da tukun jan gashi, kube na katako. An ce na Iban ne, ɗaya daga cikin ƙabilun Dayak, 'yan asalin tsibirin. Ta ina ake tabbatarwa?

Sarkin_Maƙera: Wa alaikumussalam. Malam, fara da ruwan takobin, ƙota ta jira. Ɗora rula a kowane gefe. Takobin mandau, wanda ake kira parang ilang a jihar Sarawak ta Malaysia, gefe ɗaya doro ne, ɗayan da ɗan kwarmi. Na mai hannun dama doron yana dama in ka miƙa tsinin gaba. Haka ake yinsa don ya shiga itace ya fito bai maƙale ba. Wannan ƙira ƙabilun Kayan da Kenyah ne gwanayenta, musamman in akwai ɗigon tagulla da aka dasa kusa da gadon baya. In gefen biyu duk a shafe suke kuma ruwan ya lanƙwasa sama, ka karkata ga takobin jimpul ko niabor na Iban. Takobin pandat na ƙabilar Bidayuh ba ya ɓuya: ƙarfe ɗaya ne har mariƙi, da karyewa kamar gwiwar hannu.

Dattijo_Kalimantan: Ƙota takan yaudari mutum. Iban sun riƙa sayen ruwan takobi daga maƙeran Kayan su sa tasu ƙotar, kuma in ta tsage sai a sauya. Saboda haka ƙota tana nuna wanda ya riƙe takobin a ƙarshe ne kawai. Duba inda ta haɗu da ƙarfen: tsohon ƙaro baƙi ne, ya tsattsage, gam mai sheƙi aikin jiya ne. Sassaƙar aso, wato wani kare mai kamar dodo, da siffar matsattsaku mai zurfi sun fi yawa wajen mutanen kogin Mahakam, irin su Bahau. Jan gashin kuwa galibi na akuya ne da aka rina, kada dillali ya ƙara maka kuɗi a kansa.

Sarkin_Maƙera: Gaskiya ne, Dattijo. Leƙa ƙarshen ƙotar kuma: ƙahon barewar sambar cikinsa kamar soso yake, ƙashin saniya kuwa rami gare shi. Takobin da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido daga sifirin mota ake yankowa, da zanen injin wasa a jiki. Turo hoton bayan kuben, mu ga ɗaurin igiyar rotan (kurangar da ake saƙa kujeru da ita) da aljihun ƙaramar wuƙar. Kada ka goge tsatsar da sanfefa kafin nan.