'Yata ta samu gurbin karatu a Bauchi, Hamma kuma ya ce aure za a yi: ina neman waɗanda suka taɓa shiga irin wannan

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Kwana tara ke nan barcina bai cika ba. Babbar 'yata, shekararta 18, ta samu gurbi a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi, fannin kimiyyar kwamfuta. Ta sauke Alƙur'ani tun tana 15, ba ta taɓa jawo mini magana a unguwarmu Jekadafari nan Gombe ba. Ba a ɗakin kwanan ɗalibai za ta zauna ba, ƙanwata da ke aure a Fadamar Mada ta ce a kawo mata ita. To Hammana, wato yayana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya saya mini keken ɗinkin da nake ci da shi har yau, ya ce bai yarda ba. Ɗan abokinsa mai shago a babbar kasuwa ya turo magabatansa. Hamma ya ce da likitanci ne ko unguwarzoma da shi zai kai ta da kansa, amma kwamfuta, ba yayar wayar da ta ɓata mana yara ba ce? Shi yaron ya ce a ɗaura, zai bar ta ta yi karatun. Tambayata uku: wanda 'yarsa ta yi karatu a wani gari kafin aure, yaya aka ƙare? Nawa ake kashewa a shekara? Kuma auren da ake cewa za a ci gaba da karatu, yana yiwuwa kuwa?

Na Bolari: Wa alaikumus salam. Malam ka bar ta ta je, muna buƙatar likitoci mata. Mu ne za mu hana 'ya'yanmu karatu, mu ne kuma za mu tayar da jijiyar wuya a asibiti don namiji zai duba mana iyali.

Dattijon Herwagana: Kada ka kuskura ka kai 'yarka ɗakin kwanan ɗalibai. Na faɗa maka. Ka mayar da ita jami'ar jiha nan Tudun Wada ta riƙa kwana a gabanka.

'Yar Yelwa: Baba Dattijo, ya ce fa gidan goggonta za ta zauna. Na Bolari kai ma kwamfuta ya ce, ba likitanci ba. Baban Ummi, abin da za ka fara bincika shi ne a wace haraba za ta riƙa ɗaukar darasi, Yelwa ko Gubi. Gubi bayan gari take, kuɗin mota kullum shi zai fi cinye ka tun da aka janye tallafin mai a 2023. Ni iyayena suna kashe mini wajen dubu 600 a shekara, har da hayar ɗaki.

Adda Mai Ɗinki: Ɗan'uwana, tambayarka ta uku ni ce amsarta, don Allah ka karanta har ƙarshe.

Shekara 14 da suka wuce na samu gurbi a wata kwalejin ilimi. Mahaifina kamar kai yake, yana so in yi, amma Bappana ya fi ƙarfinsa. Aka zauna a zauren gidanmu, ina laɓe bayan ƙyaure ina ji, wanda zai aure ni ya ce wallahi da kansa zai riƙa kai ni a babur. Mutum shida suka shaida. Ba wanda ya ce a rubuta, wai rubutu rashin yarda ne tsakanin manya.

Wata biyu da tarewa na ce maganar makaranta fa, ya ce amarya ba ta yawo, a bari a shekara. Kafin shekara ciki ya zo. Ya ce bayan yaye. Kafin yaye wani ya zo. Ranar da na kai ƙara gida, Bappan da ya tsaya a kan auren ya ce mini mace da 'ya'ya biyu wace makaranta kuma, ki je ki yi haƙuri. Mahaifina ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, bai ce uffan ba. Wannan murza hular har yau ina ganinta.

Shekara 11 muka yi, ya sake ni da 'ya'ya huɗu bayan ya ƙara aure. Cikin mutum shidan nan uku sun rasu, sauran in mun haɗu a biki sai su kau da kai. Takardar gurbin tana nan cikin ledar da nake ajiye katin rigakafin yara, ta yi ja, ta karye a wurin ninki. Ƙawata da muka samu tare yanzu ita ce mataimakiyar shugabar makarantar da 'yata take, kuma ita ma tana da miji da 'ya'ya biyar, aure bai wuce ta ba. Ni kuwa sai na taka keke har ƙarfe ɗayan dare kafin a ci abinci. Ba na zagin aure, sunna ce, kuma ina son 'ya'yana. Alkawarin da aka yi a zaure kawai nake ce maka kada ka jingina rayuwar yarinya a kansa.

Maman Hanan: Innalillahi. Adda kin sa ni kuka. Allah ya saka miki, ya raya miki su.

Ɗan Pantami: Amin. Amma Adda, naki ba shi ne na kowa ba. Matata da goyo ta gama digiri a jami'ar Kashere, ni nake kai ta tasha da asuba, uwata ta riƙe jaririn. Ba duk maza ne mayaudara ba.

Adda Mai Ɗinki: Allah ya yi maka albarka ƙanena. To shi Baban Ummi ta yaya zai gane yaron nan irinka ne ko irin nawa? Shi ma nawa ranar zaure fuskar mutanen kirki ya zo da ita.

Dattijon Herwagana: 'Yata na tausaya miki, amma ku yara ba ku ga abin da muke gani ba. Na aurar da 'ya'ya mata bakwai. Da can yaron maƙwabci ɗanka ne, ka gan shi a kan kuskure ka tsawata. Yanzu yarinya tana cikin ɗaki, ƙofa a rufe, amma duniya gaba ɗaya tana tafin hannunta. Jikata ta kwana uku a gidana, ban ji muryarta ba sai ta TikTok. Cikin shekara 20 aka juya mana komai, ba a yi shawara da kowa ba. Don mun ce a taka a hankali sai a ce mu 'yan mazan jiya ne, masu ra'ayin riƙau. To wanda ya riƙe abin kirki laifi ya yi? Hamman nan uba ne, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Na Bolari: Baba wayar ai a Herwagana ta same ta, ba a Bauchi ba. Kuma kai ma da ita kake mana wannan faɗan.

Direban Bauchi: Baba har ya fi ni hawa, ƙarfe biyun dare na gan shi a kunne jiya, na ce ko tahajjudin zamani ne, hahaha.

Dattijon Herwagana: Ga irinta nan. Rashin kunya a gaban manya, shi ne wayewar. Na Bolari, aure nawa ka yi? 'Ya nawa ka aurar? Gwauro ba ya ba da fatawa a kan 'ya mace.

Na Bolari: Ban yi aure ba Baba, Allah ya ba ka haƙuri. Amma ƙannena mata uku ni nake ciyar da su tun da mahaifinmu ya kwanta. Ina ganin ina da bakin magana.

Malamin Tarihi: Ku yi haƙuri in sa baki, don gardamar nan a garin da yarinyar za ta je aka daɗe ana yin ta. A shekarun 1940 a Bauchi Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Balewa suke zama ana tafka muhawara kan mulkin En'e da makomar Arewa. Daga baya hanya ta rabu: Malam Aminu ya tafi NEPU da aka kafa a 1950, masu neman sauyi yanzu-yanzu, Balewa ya tsaya a NPC, masu cewa a bi a sannu kada gini ya rushe. Yau jami'ar da Ummi ta samu gurbi a cikinta sunan Balewa take ɗauke da shi, ta jiha da ke Gadau kuma sunan Sa'adu Zungur. Kuma Sa'adu Zungur ɗin nan malamin addini ne ɗan gidan malamai, ba wanda ya isa ya ce masa bai san littafi ba.

Baba Dattijo, da girmamawa, abubuwa da yawa da muke karewa yau a matsayin gado, jiya su ne baƙin da aka yi wa bore. Matan aure su fita Islamiyya da dare, ai ka tuna rigimar da aka sha a shekarun 1980, ana cewa za a fitar da mata daga kulle. Yau wane gida ne ba ya alfahari da walimar saukar matarsa? Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa ba sai 1979, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan irin wannan fafutuka. Amma ku ma samari, tsoron Baba ba na banza ba ne. Rediyo ta ɗauki shekaru kafin ta shiga kowane gida, mutane suka saba da ita a hankali. Waya kuwa layin GSM ya shigo a 2001, kafin yaran da aka haifa a lokacin su yi aure ta riga ta canza zance da ciniki da neman aure. Ni a ganina Hamma ya haɗa abu biyu ne. Mai kallon bidiyo daban, mai koyon yadda ake gina manhaja daban.

Ɗan Pantami: Malam an tambayi kuɗin makaranta ka kawo mana NEPU.

Maman Hanan: Maganar kuɗi, dubu 600 ɗin 'Yar Yelwa ta yi kaɗan. Ɗana a Bauchin yake, bara sai da muka haura miliyan ɗaya. Kwamfutar tafi-da-gidanka kaɗai dubu 350 muka saya, kuma ta hannu ce.

Direban Bauchi: Hajiya an yi miki tsada. Dubu 180 na saya wa ƙanena. Kuma tunda gidan goggo za ta zauna, ba haya ba cefane, dubu 300 ta ishe shi. Gombe zuwa Bauchi kuma me ye a ciki, ka bi ta Alkaleri ka wuce gadar Dindima, kafin azahar ka je ka ga 'yarka ka dawo. Kafin 1996 ma ai jiha ɗaya muke.

'Yar Yelwa: Ta dubu 180 ba za ta ɗauki aikin 'yan kwamfuta ba Yaya. Baban Ummi, ta cike NELFUND, wato bashin karatu na gwamnatin tarayya, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye, su ba ɗalibi dubu 20 duk wata. Babu ruwa a ciki, sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya.

Dattijon Herwagana: Wato ta shiga gidan miji da bashin gwamnati a wuya.

Maman Hanan: Baba ai ko yanzu da bashi suke shiga, sai dai a wuyan uba yake. Baban Ummi ka zauna ka lissafa kayan ɗaki kafin ka ce aure ya fi sauƙi. Watan jiya muka kai 'yar yayata: gado da kujeru da sif miliyan biyu da ɗari biyu, ban da kayan kicin, ban da gara. Sai da mijin yayata ya sayar da filinsa na Tumfure.

Ɗan Pantami: Ku mata ku kuka jawo. A zamanin iyayenmu gadon ƙarfe da kwalla da tasoshi an gama. Yanzu kamu daban, dina daban, anko kala uku, mai kwalliya dubu 50. Lefe akwati shida na yi, har yau ina biyan adashi.

Adda Mai Ɗinki: Dangin ango ne suke zuwa ganin ɗaki suna buɗe sif suna ƙirga kwanuka. Ni nake ɗinka ankon, na san wanda yake matsa wa wa.

Dattijon Herwagana: A nan kam ina tare da ku. Wannan bidi'ar ta fi kwamfuta ɓarna. Kafinta ɗaya a Jekadafari ya ce mini miliyan ɗaya da rabi, na ƙarshe ke nan.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka. Adda, na karanta wa mahaifiyar Ummi naki, ta tashi ta shiga ɗaki. Jiya bayan isha'i na je wurin Hamma, na zauna har ya gama shan shayi ban iya buɗe baki ba, sai hirar taki muka yi. Saura kwana 12 a rufe rajista. Ina tunanin in roƙi limaminmu ya raka ni ranar Juma'a, ban sani ba ko hakan zai ƙara ɓata masa rai.

Maman Hanan: Baba Dattijo, miliyan ɗaya da rabin nan har da katifa ne? Don Allah a wane layi kafintan yake?