Receptor da Hausa, ina da ɗaukar shiri ranar Alhamis

Mai Shirin Noma: Salamu alaikum jama'a, a taimaka. Alhamis zan ɗauki shirin manoma a rediyo nan Katsina kan dalilin da ya sa wake da gyaɗa da waken suya ke gyara gona, komai ya fassaru sai kalma ɗaya ta tsaya mani, receptor. Bayanin dai saiwa na sakin wasu sinadarai cikin ƙasa, bakteriyar rizobiya ta ji su ita ma ta maido nata sinadarin da ake ce ma Nod factor, to akwai wani furotin a jikin gashin saiwa da ke kama shi, in ya dace, a wake da waken suya, sai gashin ya lanƙwashe ya rufe ta ta samu hanyar shiga, daga nan ƙululun nan na jikin saiwa su fito, a ciki take maida nitirojin na iska abincin shuka. Wannan furotin ɗin mi zan ce mashi?

Malamar Bayoloji: Wa alaikumus salam. Makarɓi, jam'i makarɓa. Shi nike faɗa ma ɗalibaina kuma suna ganewa.

Ɗan Kusugu: Malama da girmanki amma makarɓi bai yi ba, mai karɓar haraji ma makarɓi ne, kowa ya miƙo amsa yake. Wannan abin sinadari yake ji kamar hanci. Mashinshini. Na daɗe da ƙirƙiro ta ku gwada a baki ku ji.

Bakatsine: Mashinshini kuma? Manomi zai ɗauka wani ƙwaro ne ya shigo gari ya tafi neman feshi 😂 A ce risafta a wuce wurin, ai rediyo da injin ma aro ne.

Baba Mai Ritaya: Wannan lalacin ne ya kashe mu. Yaro ya ga kalma ya liƙa mata wasali ya ce ya yi Hausa. Me ya hana a ɗauko daga gane?

Bakatsine: Baba in aka sa mata ma- ai magani za ta ba mu, sai a tafi kemis.

Malamar Bayoloji: Amma Ɗan Kusugu na da gaskiya ta gefe ɗaya, ba kowa yake amsa ba. A 2003 masu bincike a Jami'ar Aarhus ta Danmak suka gano irin wannan furotin guda biyu a wata shuka mai suna Lotus japonicus, NFR1 da NFR5, tare suke aiki, in ɗaya ya lalace ƙululu ba ya fitowa. Abin da ke burge ni, shi Nod factor ɗin guntun wani sinadari ne da ake ce ma kaitin, da jelar kitse, kuma kaitin ɗin nan shi ke jikin fumfuna mai sa ma shuka cuta. Shuka na da wani furotin ɗan'uwan waɗannan, kamarsu ɗaya sosai, shi in ya kama kaitin zalla faɗa yake tadawa. Kenan aikin tantancewa ne. Kamar taken sarauta, ganga ɗaya ce amma kowa ya san nashi, shi ya sa rizobiyar da ta dace da wata shuka ba lallai ta shiga wata ba.

Mai Shirin Noma: Matantanci kenan?

Ɗan Kusugu: Nauyi gare ta. Kuma ku Katsinawa da an ce kalma daga Daura ta fito sai ku fara yatsina, alhali a nan aka haifi Hausar.

Bakatsine: To kakanmu, an haife ta a Daura ta zo Katsina ta yi karatu a Gobarau.

Baba Mai Ritaya: Ku yi ta yi, ƙarshe dai Kananci za a rubuta a littafi ba mai tambayarku. Ni abin da ya fi damuna kar in ji an ce ƙwayar cuta a shirin nan, abin da ke ciyar da gona a kira shi cuta?

Mai Shirin Noma: Baba wannan na kiyaye, bakteriya mai amfani zan ce. Don Allah a dawo kan receptor, minti sha biyar gare ni duka shirin kuma sai na yi maganar su tuge wake su fasa ƙululu su duba, in cikin ja-ja ne yana aiki.

Malamar Bayoloji: Yi amfani da makarɓi, karon farko ka ce makarɓi mai tantance saƙo, bayan nan makarɓi kawai. Nod factor kuma saƙon bakteriya.

Baba Mai Ritaya: Ba ta gamsar da ni ba amma ta fi risafta.

Ɗan Kusugu: Ni dai mashinshini zan ci gaba da rubutawa. Ka ambace ta ko sau ɗaya ka ji me masu kiran waya za su ce.

Mai Shirin Noma: In lokaci ya rage. Na gode ƙwarai. Symbiosis fa, cuɗanni in cuɗe ka na sa, akwai mai ja?