Wane suna za mu ba "sculpture" da "galeri" a Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Kalmomi biyu nake so mu tsayar. Ɗalibanmu masu koyon zane da aikin hannu a nan Marwa ta Kamaru suna shirin zagayen buɗe ido kafin su fara aikin ƙarshen shekara, kuma dole a yi wa iyaye bayani da Hausa. Ta farko ita ce abin da Faransanci ke kira sculpture, wato siffar da ake fitarwa da itace ko yumɓu ko ƙarfe, ta biyu wurin da ake baje shi, wato galeri.

A kan sculpture, kalmar da ke fara zuwa bakin kowa ita ce gunki. Wata ɗaliba ta ce wa mahaifinta za su je "gidan gumaka" a Njamena, nan take ya ce ba da 'yarsa ba. Ni ban ga laifinsa ba. Gunki abin bauta ne, duk wanda ya ji kalmar nan ta nan hankalinsa zai tafi.

To me yaran za su gano? A gidan tarihi na ƙasar Cadi, wanda aka kafa a 1962, akwai kayan mutanen Sao da suka zauna a bakin kogunan Shari da Logon: kawuna da dabbobi na gasasshen yumɓu, da manyan randunan da suke binne mamatansu a ciki. Tun shekarun 1930 wani Bafaranshe mai bincike, Jean-Paul Lebeuf, ya shiga tonon irin waɗannan kaya. A Gawi, kusa da Njamena, har yau matan Kotoko suna ginin tukwane. A wajenmu kuma akwai gidan tarihin Gulfe. Masu halin zuwa kudu za su ga maƙeran tagulla na Fumban, sannan a shataletalen Deido na Duwala su ga La Nouvelle Liberté, aikin Joseph-Francis Sumégné na 1996, mai tsawon mita 12, wanda aka harhaɗa da tarkacen ƙarfe da tsofaffin kayan mota. Wa ya taɓa yi wa wannan sujada?

Ba na musun cewa wasu kayan da an yi su ne don tsafi. Ƙananan mahaya dokin nan na tagulla na Kotoko, waɗanda yawancinsu ba su wuce tsawon yatsa ba, laya ce ta maganin taɓin hankali, ana ɗinke su cikin fata a rataya. Amma kalmar da muke nema sunan sana'a ce. Hukuncin abin da ya halatta a siffanta da wanda bai halatta ba yana hannun malamai, kuma ko su sai da sunan da ya dace za su yi bayani.

Wani malami daga Garwa ya kawo shawarar a ce mutum-mutumi. Allah ya gafarta malam, ta yi daidai idan siffar ta mutum ce a tsaye. Amma kada na yumɓu fa, ko dorinar ruwa? Balle aikin zamani da bai yi kama da kowace halitta ba. Ga shi kuma mun riga mun ɗora wa kalmar kaya: da ita ake kiran abin koran tsuntsaye a gona, da ita gidajen rediyo ke kiran na'urar nan mai aiki kamar mutum.

Sassaƙa ce ta fi samun goyon baya, kuma ina son ta. Sai dai ku tsaya kusa da masassaƙi yana fafe turmi da gizago: ragewa yake yi, yana zubar da itace har abin ya fito. Mai yumɓu kuwa ƙarawa take yi, curi kan curi, tana shafewa da jiƙaƙƙen yatsa. Mai tagulla hanyarsa daban. Da kakin zuma yake fara fitar da siffar, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakken ƙarfe a gurbin, in ya huce ya fasa yumɓun. Shi ya sa ba a samun guda biyu iri ɗaya sak. Wannan zubi ne. In muka ce masa sassaƙa, mun tauye wa mai zubi haƙƙinsa.

Shawarata ita ce ƙirar siffa. Ƙira ta daɗe da fita daga maƙera, tunda muna cewa an ƙera mota, an ƙera jirgi, har mu ce wane yana da ƙirar ƙarfi. Ta ɗauki itace, ta ɗauki yumɓu da tagulla da tarkacen Sumégné. Wata 'yar'uwa daga Kuseri ta ce me zai hana ƙirar sura. Yaya, ma'anar ɗaya ce, amma a rubuce sura za ta kai mai karatu ga Alƙur'ani, gara mu bar ta a can. Mai sana'ar kuma maƙerin siffa, sassaƙa da zubi da gini su zama rassanta.

Galeri ba ta da wuya. Ba gidan tarihi ba ce, don gidan tarihi ajiya yake yi, ita kuwa kayanta na sauyawa, sau da yawa ma na sayarwa ne. Zaure shi ne inda baƙo ke shiga ba tare da ya kutsa cikin gida ba, nan masu sana'a da yawa ke zama da kayansu. Saboda haka zauren baje siffofi, a gajarce zauren siffofi.

Ku gwada a baki: "Ɗalibai za su zauren siffofi su ga aikin maƙeran siffa." Ni dai bai yi mini nauyi ba. Mutanen Njamena da Ngaundare, ku karanta wa dattawanku wannan jimlar ba tare da ƙarin bayani ba, ku gaya mana abin da suka fahimta. In sun ce maƙeri na ƙarfe ne kawai, sai mu sake duba sunan mai sana'ar kafin a rubuta wa iyaye takarda.