Shin makaranta tana da hurumin mayar da yaro gida saboda suma ko lalle?

Uban Yara, Gusau:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da iyayen da ke wannan zaure a kan abin da ya faru a gidana har sau biyu cikin zango ɗaya. Ɗana yana aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makarantar kuɗi a nan Gusau. Wata Litinin ya dawo gida tun kafin ƙarfe tara yana dafe da kansa, da na janye hannun sai na ga an bi tsakiyar kan da almakashi an yi masa hanya tun daga goshi har ƙeya, wai sumarsa ta wuce ƙa'ida. Ban musa ba, domin ni ne na yi sakacin kai shi wurin mai aski. Bayan kwana goma kuma aka maido ƙanwarsa daga bakin ƙofa saboda lallen da aka yi mata a bikin ƙanwar mahaifiyarta, aka ce kada ta koma sai ya goge, alhali kowa ya san sabulu ba ya fitar da lalle. Kwana shida ta yi a gida, kuma a cikinsu aka yi gwajin lissafi. Shin makaranta tana da wannan hurumin, ko kuwa in je in yi magana?

Tsohon Hedimasta, Argungu:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya shirya mana zuri'a. Zan fara da kare dokar kafin in soki yadda aka zartar da ita, domin na shekara da yawa ina tsayawa a bakin ƙofar makaranta da safe. Kayan makaranta iri ɗaya su ne ke sa ɗan mai kuɗi da ɗan masunci su zauna a benci ɗaya ba tare da ɗayansu ya ji kunyar rigarsa ba. Dokar aski kuwa asalinta tsafta ce, saboda makero da ƙwarƙwata ba su da wuyar zagaye aji idan yara sittin sun cunkushe a ɗaki ɗaya, kuma a kan da aka aske ne malami ke saurin ganin tabon.

Amma hanyar da aka yi wa yaronka a ka ba ta da madogara. Da farko, almakashi ɗaya da aka bi kawunan yara ashirin da shi, ba a wanke ba, shi ne babban mai yaɗa makeron da ake cewa ana gudu. Na biyu, a hadisin Ibn Umar da Buhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya hana aske wani sashe na kan yaro a bar wani sashe, kuma da wannan hadisin ne muke hana ɗalibai askin gayu. To, ina dalilin malamin da zai yi wa yaro da hannunsa abin da yake hana shi? A lokacinmu, ranar Alhamis muke duba kai da farce, mu rubuta sunayen waɗanda suka saɓa, mu ba su Juma'a da Asabar da Lahadi su gyara. Wanda ya zo Litinin bai yi ba, mahaifinsa muke kira, shi kuma yaron ya shiga aji.

Malama Mai Koyar da 'Yan Mata, Birnin Kebbi:

Baba Hedimasta ya gama magana a kan aski, ni lallen ne ya tsaya mini. Akwai bambanci tsakanin jan lallen gargajiya da baƙin da ake haɗawa da rinin gashi a zana har gwiwar hannu, wanda na sha ganin ya ƙona fatar yarinya ya bar mata shati. Idan makaranta ta hana na biyun, ina bayanta, har ma da jan baki da dogon farce. Amma yarinyar da aka yi biki a gidansu ba ita ta zaɓi ranar ba, kuma babu uwar da za ta ware 'yarta daga cikin dangi ranar ƙunshi saboda wata takarda da aka liƙa a ofis. Mu abin da muke yi shi ne mu ja mata kunne, mu rubuta wa uwar, ta zauna ta yi karatunta.

Kuma tunda an taɓo batun, bari in faɗi abin da ya fi damuna, ko da abokan aikina ba za su ji daɗi ba. Wasu makarantun kuɗi sun mayar da dokar sutura kasuwa: a wurinsu kaɗai za a sayi yadi da hijabi da safa, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu a sauya launi, ta yadda ƙanwa ba za ta gaji kayan yayarta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na ga iyayen da ke kai wa tela tsohon wando a sake masa ƙafa. Sannan yadin da ake zaɓa mai kauri ne, na roba, ga shi a Maris da Afrilu zafinmu yana haura digiri 40. Ka ga yarinya da tsakar rana hijabi ya jiƙe ya manne mata a wuya, tana fifita da littafi. Da hunturu kuma a hana ta sa rigar sanyi saboda babu bajon makaranta a jiki.

Ɗalibin Shari'a, Talata Mafara:

Malam, ta fuskar doka sai a raba abin gida biyu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnati bai wa kowane yaro ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta, ta kuma wajabta wa uba ya tura shi, don haka makarantar gwamnati da ke tare yaro a ƙofa saboda safa tana aiki ne da akasin manufar da aka kafa ta dominta, musamman a Zamfara inda Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023. Makarantar kuɗi kuwa yarjejeniya ce tsakaninka da ita, saboda haka ka nemi takardar ƙa'idojin da ka sa wa hannu ka duba ko an rubuta lalle, da kuma hukuncin da aka tanada. Sau da yawa za ka tarar an rubuta haramcin, ba a rubuta kora ba.

Ƙa'idar makaranta ma tana da iyaka. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 2, ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi a makarantun gwamnatin Legas 'yancin sa hijabi, bisa sashe na 38 na tsarin mulkin 1999. Sai dai wancan batun addini ne, ban ga yadda zai shafi maganar sumar da ta yi yawa ba.

Uban Yara, Gusau:

Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Na binciko takardar a cikin jakar mahaifiyarsu, an rubuta "ba a yarda da kwalliya ba", babu kalmar lalle, babu maganar mayar da yaro gida. Gobe zan je da ita wurin shugaban makarantar in roƙi a sake wa yarinyar gwajin lissafin, batun almakashi kuma zan ajiye shi sai taron iyaye da malamai na ƙarshen wata.