Kalmar "bureau": tebur, ofis ko kabad?

A wata tattaunawa kan ma'anar kalmar "bureau" a Turanci, abin da masu tattaunawar suka fi nanatawa shi ne a duba bakin wanda kalmar ta fito. Asalinta a Faransanci wani ƙyalle ne mai kaushi da ake shimfiɗa wa teburin rubutu. Sunan ya koma kan teburin, daga baya ya mamaye ofishin gaba ɗaya. Baturen Ingila teburin rubutu mai aljihu yake nufi, Ba'amurke kuwa kabad ɗin tufafi. Hukuma ma ana ce mata haka, kamar FBI (Federal Bureau of Investigation), hukumar binciken laifuka ta Amurka. Mu dai a allon 'yan canji muka fi ganinta.

Wani ya ja kunne, kuma da gaskiyarsa: jam'inta galibi "bureaux" a Ingila, "bureaus" a Amurka. Ɗauki ɗaya, kada ka gauraya.