Abin da aka tattauna kan bautar ƙasa da shirya matasa

Ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da aka yi kan shekarar bautar ƙasa (NYSC) da matasan Najeriya ke yi bayan kammala karatun gaba da sakandare, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973 domin ɗinke ɓarakar da yaƙin basasa ya bari.

1. Kusan kowa ya yarda cewa tura matashi wata jiha yana buɗe masa ido, domin a can yake fara biyan haya, yin cefane da zama da mutanen da ba ya jin yarensu.

2. An haɗu a kan cewa makonni 3 na sansanin horo da ake fara bautar ƙasa da su ba za su cike giɓin da jami'a ta bari ba. Da yawa sun ce sun fito da digiri ba su iya rubuta takardar neman aiki ba, sai ga shi an damƙa musu alli da aji cike maƙil da yara, alhali ba su taɓa koyon koyarwa ba. Shawarar da ta fi yawa, wadda ni ma na fi gamsuwa da ita, ita ce ɗalibi ya kama sana'a tun yana makaranta.

3. An rabu kan batun tsaro. Wasu na ganin a bar kowa a shiyyarsa saboda garkuwa da mutane a hanya, wasu kuma suka ce hakan zai rushe manufar shirin gaba ɗaya.

4. Game da alawus na naira 77,000, an ba da shawarar a riƙa ware wani abu duk wata domin jari.