Shin da basira kaɗai Google ya kai inda ya kai?

Malam Sani: Jama'a, ni fa ina kan bakana: da basira Google ya ci kasuwa. Ɗalibai biyu ne, Larry Page da Sergey Brin, suka buɗe kamfani a garejin Susan Wojcicki a garin Menlo Park na Amurka a 1998, lokacin shafukan bincike na intanet irin su AltaVista da Yahoo sun riga sun yi suna.

Hajiya Binta: Malam, an cika zuzuta garejin nan. Tun 1996 suke aikin a Jami'ar Stanford da sunan BackRub, kan kwamfutocin jami'a, a ƙarƙashin shirin bincike da gwamnatin Amurka ke ɗaukar nauyinsa. Wani mai zuba jari, Andy Bechtolsheim, ya rubuta musu cek na dala 100,000 tun ba a yi wa kamfanin rajista ba, a 1999 kuma masu zuba jari suka sa dala miliyan 25. Wane ɗalibi ne ke samun wannan gata?

Malam Sani: Ai kuɗin basirar ya biyo, Hajiya. Injunan bincike na da sun fi dogara da yawan fitowar kalma a shafi, sai masu wayo su yi ta maimaita ta don su hau sama. PageRank kuwa, wato tsarin da Google ke jera shafuka da shi, yana duba shafuka nawa ke nuni zuwa shafinka, kuma mene ne darajarsu. Kamar a gaban alƙali ne, shaidar mutumin kirki ɗaya ta fi ta mutum goma da ba a san halinsu ba. Har Yahoo sai da ta koma amfani da binciken Google a 2000.

Auwal: Gaskiya ne, Baba.

Hajiya Binta: Na yarda dabarar ta yi kyau. To amma abin da ya ciyar da kamfanin talla ne, kuma tsarin biyan kuɗi duk lokacin da aka danna talla, kamfanin GoTo ne ya yaɗa shi tun 1998, daga baya Yahoo ta saye shi. Da rigimar haƙƙin mallaka ta taso, hannun jari miliyan 2.7 Google ya ba Yahoo a 2004 aka sasanta.

Auwal: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na baya-bayan nan. A wata kotun Amurka an bayyana cewa a 2021 kaɗai Google ya biya dala biliyan 26.3 ga irin su Apple da Samsung don ya zama injin da ke zuwa da waya kai tsaye. A Agusta 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa kamfanin ya yi babakere ba bisa ƙa'ida ba. Baba, idan kowa shi yake so, me ya kawo biyan?

Malam Sani: Hukuncin na karanta shi, ɗana, kuma alƙalin da kansa ya amince injin Google ya fi sauran inganci. Batun biyan kam ban ji daɗinsa ba, ba kuma zan kare shi ba. Amma a 1998 ba su da kuɗin biyan kowa, mutane kuma suka zo.

Hajiya Binta: Zuwan farko na bar maka, Malam. Hana su fita ne muke magana a kai.